Sayen Sabuwar Mota Daga Gadarif: Abin da Za Ka Yi da Wanda Ba Za Ka Yi Ba

Duk shekara, da zarar an yanke riɗi an kai shi kasuwar amfanin gona, kuɗi ya shiga hannu, sai dillalan mota su cika gari. Wannan na son boks, wancan na son tarakta, wani kuma lori yake nema don ɗaukar dawa. Duk shekara kuma sai an sami wanda ya biya a Disamba, aka ce masa sati shida, har ruwan Yuli ya sauka bai ga ko taya ba.

Gadarif ba ta ƙera mota, ba ta kuma bakin teku. Kusan duk sabuwar motar da ka gani a titin garin nan sai da ta fito daga masana'anta a wata ƙasa, ta hau jirgin ruwa, ta sauka a wata tasha aka sauya mata jirgi, ta kwana a hannun kwastan, sannan ta ci hanyar kusan kilomita 800 daga Bur Sudan ta Sinkat da Haya da Kasala da Khashmul Girba da Shuwak. Kowanne daga cikin waɗannan matakai na iya cinye maka watanni. Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka miƙa gumin shekararka, ka karanta waɗannan da kyau.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ka yi lissafi da damina, ba da bakin dillali ba. Tun shekarun 1940 da aka fara noman inji a ƙasar Gadarif, doka ɗaya ce ba ta sauya ba: baƙar lakar nan in ta sha ruwa, hanyar gona ta rufe. Taraktar da ta iso bayan an gama shuka, ta baɗi ce, ba ta bana ba. In kana son abin hawa ya yi maka aikin damina, ka ƙulla ciniki tun ana sussukar dawa, kuma duk wa'adin da aka ba ka, ka ninka shi biyu a ranka. In ninkin ya haye watan Yuni, ka nemi wadda take ƙasa ko da ta fi tsada. Ba a fafe gora ranar tafiya.

2. Ka san ƙasar da aka ƙera ta. Sunan kamfani daban, ƙasar ƙira daban. Toyota kamfanin Japan ne, amma Hilux ɗin da muke kira boks galibi a Tailan ake ƙera shi, akwai na Durban a Afirka ta Kudu, akwai na Ajantina. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya, wadda ake kira Tacar, ita ce ke fitowa daga Japan. Toyota Starlet ta yanzu kuwa kamfanin Suzuki ne ke ƙera ta a Indiya. Mitsubishi L200 da Isuzu D-Max gidansu Tailan. Hyundai akwai ta Koriya ta Kudu, akwai ta Indiya. MG sunan Ingila ne, amma yau mallakar kamfanin SAIC na Sin ce. Haka tarakta: Massey Ferguson ana yin ta a Faransa da Birazil da Indiya da Fakistan, New Holland kuma da yawanta daga Turkiyya suke zuwa. Ƙasar ƙira ita ce ke nuna maka tekun da motar za ta bi, tsawon jiran da za ka yi, da irin kayan gyaran da za su shige ta.

3. Ka karanta lambar shasi da idonka. Lamba ce mai harufa da alƙaluma 17, an buga ta a jikin ƙarfen motar, kuma ba a sa harafin I ko O ko Q a cikinta. Farkonta ne ke faɗin asali. J na nufin Japan, K Koriya, L Sin, W Jamus. A motocin Toyota, MR0 Tailan ce, AHT Afirka ta Kudu, 8AJ Ajantina. Hyundai mai KMH ta Koriya ce, mai MAL ta Indiya. Duk wanda ya sayar maka da mota a kan farashin 'yar Japan, lambarta kuma ta fara da wani harafin da ba J ba, ya cuce ka. Ba wai ta Tailan ko ta Indiya ba ta da kyau ba ne. Abin nufi, ka biya kuɗin abin da aka ba ka.

4. Ka tambaya: yau ɗin nan motar tana ina? Amsa huɗu ce kawai. Ko ba a ƙera ta ba tukuna, ko tana ajiye a wani fili a Jidda ko wata ƙasar Khalij, ko tana kan teku, ko ta sauka a Bur Sudan ko Sawakin. Kowace amsa da shaidarta. Wadda take fili tana da lambar shasi, kuma ana iya ɗauko maka hotonta a ranar, lambar na bayyane. Wadda take kan teku tana da bolisa, takardar lodin jirgi, mai ɗauke da sunan jirgin da ranar tashinsa da lambar shasin. Wadda ta sauka tana da takardar tasha. Wadda ba a ƙera ba kuwa ba ta da komai sai alkawari, don haka kuɗin da za ka ajiye a kanta ya zama mafi ƙanƙanta.

5. Ka rubuta komai, gaban shaidu biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ba kuwa don ana zargin juna ba. A takardar a sa irin motar, shekarar ƙira, girman inji, dizal ce ko fetur, giyar hannu ce ko mai sarrafa kanta, launi, ƙasar ƙira, da lambar shasi in akwai. A sa ranar miƙawa da kwanan wata, ba "bayan Sallah" ko "ƙarshen kaka" ba. A sa wurin miƙawa: bakin tasha ne, ko ƙofar gidanka a Gadarif? A sa abin da zai biyo baya in ranar ta wuce, da ranar da kake da ikon janye kuɗinka gaba ɗaya. Lauya ya hatimce. Kuɗin lauya bai kai na taya ɗaya ba.

6. Ka fayyace wanda zai ɗauki faɗuwar fam. Nan ne yawancin rigima take. A Fabrairun 2021 gwamnati ta sauya farashin dala a hukumance daga fam 55 zuwa 375 a rana guda. Kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 dala tana wajen fam 600, a cikin 2024 ta haye 2,000 a kasuwar bayan fage. Farashin dalar da kwastan ke lissafin haraji da shi ma an sha ɗaga shi. Wanda ya ba da fam a Disamba aka mayar masa da adadinsu a Yuli, an mayar masa da takarda ne, ba dukiyarsa ba. Don haka a rubuta da wane kuɗi aka yi ciniki, da wane za a mayar in ciniki ya warware, kuma wa zai biya ƙarin haraji in jinkirin daga mai sayarwa ne.

7. Ka auna cinikin da ma'aunin salam. Manomin Gadarif ba baƙon salam ba ne. Bankin Noma ba ya ba ka kuɗi a kan dawar da ba ta nuna ba sai an ambaci irinta, an ambaci adadin buhu, an yanke ranar kawowa. In banki da duk ƙarfinsa bai yarda ya ba ka kuɗi ba tare da waɗannan ba, don me kai za ka ba dillali naka a kan "in Allah Ya yarda, kwanan nan"? Sannan batun kafin alƙalami, wanda ake kira arbun: a mazhabar Malikiyya ba a yarda mai sayarwa ya cinye shi in ciniki ya fasu ba, Hambaliyya ce ta halatta. Ka je wurin malami kafin ka biya, ba bayan an yi faɗa ba.

8. Ka biya ta banki, ka buga rasit a takarda. Asusun da za ka tura wa kuɗi ya zama mai sunan wanda ya sa hannu a yarjejeniya, ba na yaronsa ko surukinsa ba. Hoton rasit na manhajar banki ta Bankak a waya bai isa ba. A Fabrairun 2024 layukan sadarwa sun ɗauke a faɗin ƙasa, mutane suka rasa hanyar nuna abin da suka tura. Waya tana ɓata, tana faɗawa ruwa, ana ƙwace ta a hanya. Takarda a akwati tana nan.

9. Ka ɗauki mukhallis, wato mai fitar da kaya daga kwastan, mai lasisi, ka shirya takardu tun jirgi bai iso ba. Motar da ta sauka takardunta ba su cika ba, kuɗin ardiyya na ajiya a tasha ne ke hawa kanta kullum, kuma kai za a ce ka biya. Ka tabbata ta cika sharuɗɗan hukumar Muwasafat mai kula da ingancin kaya, kuma shekarar ƙirarta ta dace da dokar shigo da mota ta wannan lokacin, domin dokar nan ta sha sauyawa. Duk kuɗin da aka ce na gwamnati ne, ka nemi rasit ɗinsa na ornik 15. In an gama, shahadar warid ta kwastan ta zo hannunka ta asali, da ita za ka fitar da shahadar bahas, takardar mallaka, da sunanka a ofishin 'yan sandan hanya.

10. Ka duba ta da rana tsaka, da makanikinka a gefe. Ka gwada lambar shasin jikin mota da ta takarda, harafi bayan harafi. Ka duba gefen taya: alƙaluma huɗu na ƙarshe a lambar DOT sati ne da shekara, 1223 na nufin sati na 12 na 2023. Motar da ta shekara biyu a rana a wani fili, ko mitarta na nuna sifili, batirinta da tayoyinta da robobinta sun tsufa. Ka leƙa ƙarƙashinta ko gishirin teku ya fara ci. Ba ka sa hannu a takardar karɓa sai ka gamsu.

ABIN DA BA ZA KA YI BA

1. Kada ka sayar da tsohuwar kafin sabuwar ta tsaya a ƙofarka. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kassara mutane. Tsohon boks mai hayaƙi yana kai leburori da jarkokin jaz, wato dizal, gona. Sabuwar da take kan teku ba ta kai kowa ko'ina. Wanda ya sayar don ya cika kuɗi, ya ƙare da haya a tsakiyar damina, lokacin da kowane mai mota ke yanka farashin da ya ga dama.

2. Kada ka karɓi "jirgi na hanya" a matsayin amsa. Jinkiri na gaskiya yana aukuwa, kuma ya auku a idon duniya. A Maris na 2021 jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez kwana shida. A Satumban shekarar, majalisar sarakunan Beja ta rufe tashar Bur Sudan da babbar hanya fiye da wata guda. A 2021 da 2022 ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin da ke sarrafa lantarkin mota ya tsayar da masana'antu, har Toyota ta sanar da masu son Land Cruiser 300 a Japan kanta cewa jiransu na iya kai shekara huɗu. A Afrilun 2022 ambaliya ta shiga masana'antar Toyota ta Durban, ta yi watanni a rufe. Ranar 19 ga Nuwamban 2023 'yan Huthi na Yaman suka kama Galaxy Leader, wanda shi kansa jirgin dakon motoci ne, manyan kamfanonin jiragen ruwa suka ƙaurace wa Babul Mandab suka koma zagayen Afirka. A Mayun 2025 jirage marasa matuƙi suka kai hari Bur Sudan kwanaki a jere. Duk waɗannan suna da suna da rana, kowa ya ji su. To, haka uzurin dillalinka ya kamata ya zama. Wane jirgi? Yana wace tasha? Ina bolisa? Sunan jirgi kaɗai ya isa ɗanka ya duba inda yake ta intanet. Wanda ya kasa faɗin sunan jirgi, babu jirgi.

3. Kada ka yi cinikin biri a sama. Hoto a WhatsApp ko Facebook ba mota ba ne. Hoto ɗaya ana iya nuna wa mutum goma, a karɓi kuɗin mutum goma. Mota ɗaya lambar shasi ɗaya gare ta, kuma sai lambar ta shiga takardarka ne motar ta fara zama taka.

4. Kada ka ɗauka hanyar bara ita ce ta bana. Kafin yaƙi, manyan wakilai irin su Golden Arrow mai wakiltar Toyota, da DAL Motors mai Mitsubishi da Kia, Khartum ce cibiyarsu. Garin masana'antu na Giad, wanda aka buɗe a 2000 kimanin kilomita 50 kudu da Khartum, a da yana harhaɗa ƙananan motoci da manya da taraktoci, shi ma kayansa daga waje suke zuwa, kuma yaƙi ya ci yankin. Dubai da aka saba ɗaukowa daga can, a Mayun 2025 Sudan ta yanke hulɗar jakadanci da ƙasar da take ciki, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Duk wanda ya ba ka wa'adin da aka saba bayarwa a 2022, ko bai san aikinsa ba, ko ya ɗauka kai ba ka sani ba. Ka sa ya zana maka hanyar tasha bayan tasha.

5. Kada ka tsaya zaɓen launi da ƙawa in kana sauri. Farar mota mai giyar hannu ita ce ke cike da filaye, domin ita kasuwa ke ja. Da ka ce sai launi kaza, sai kujerar fata, sai gilashin rufi, ka fita daga layin abin da yake ajiye ka shiga layin masana'anta. Gona ba ta tambayar launin mota.

6. Kada ka sayi wadda aka ƙera don wata ƙasa mai wani yanayi. Motocin dizal na kasuwar Turai suna da matatar hayaƙi da na'urorin da ke son mai tatacce ƙwarai. Jaz ɗin da ake zubawa daga durom a gona yana toshe su, gyaransu kuma sai kwamfuta. Ka nemi ƙirar Khalij ko ta Afirka, mai jure zafi da ƙura. Ka kuma tabbatar sitiyari na hagu ne. A Sudan dama ake bi, alhali Japan da Tailan da Indiya da Afirka ta Kudu duk hagu suke bi, motocin kasuwarsu ta gida sitiyarin dama gare su. Sannan ka tambayi wanda zai ɗauki garanti. Garantin da sai an mayar da mota ƙetaren teku ba garanti ba ne.

7. Kada gajiyar jira ta kai ka ga mota marar asali. Za a zo maka da wata tsaf, rabin farashi, a ce takarda na tafe. Ko dai irin motocin nan ne da ake kira Boko, waɗanda aka shigo da su ta hamada ba tare da kwastan ba, ko kuma cikin ɗimbin motocin da aka wawushe daga gidajen mutane a Khartum da Wad Madani. Masu waɗannan motoci da yawansu nan suka yi gudun hijira, wani ma maƙwabcinka ne. Ka kai lambar shasi wurin 'yan sanda a duba ta cikin rajistar motocin da aka kai rahoton sacewa. Sayen kayan sata haram ne kafin ya zama laifi a kotu, kuma ranar da aka kama ta, mota ta tafi, kuɗi ya tafi, suna ya ɓaci. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

8. Kada ka shigo da mota da sunan wani. Akan ce a yi amfani da rangwamen da ake yi wa mazauna ƙetare, a sa sunan ƙanenka na Jidda ko ɗan wanka na Riyad. A idon hukuma motar tasa ce. In ya rasu ta shiga gādo, in bashi ya hau shi ta shiga lissafi. In ma ɗan'uwanka ne zai sayo maka ya ɗora a jirgin Sawakin, ku rubuta wakilci, ku rubuta adadin abin da ka tura. Zumuncin da aka rubuta hakkinsa ya fi daɗewa.

9. Kada ka sa hannu a murabaha ba ka karanta ranar fara biya ba. Sharaɗin murabaha shi ne banki ya mallaki abin sannan ya sayar maka. In aka fara cirar kashi daga asusunka alhali tarakta na kan teku, kana biyan abin da bai noma maka ko fadan ɗaya na gona ba. Ka nemi a ɗaure kashin farko da ranar karɓa, sauran kuma su faɗo bayan kaka, ba a watan Agusta da aljihun manomi ke bushe ba.

10. Kada ka sayi wadda kayan gyaranta ba sa kasuwar Gadarif. Tun 2023 Sin ta wuce Japan a yawan motocin da take fitarwa, kuma motocinta suna da araha, suna saurin samuwa. Wannan ba aibi ba ne. Amma kafin ka biya, ka zaga wurin masu kayan gyara ka tambayi matatar mai, da takalmin birki, da faifan kuloci, da famfon ruwa na irin motar. In mutum uku sun girgiza kai, ka bar ta. Jiran mota sau ɗaya ne, jiran kayan gyara kuwa kullum ne.

11. Kada ka ƙara kuɗi don ka ceto na farko, kada kuma kunya ta rufe maka baki. Da wa'adi ya wuce aka ce ka ƙaro kaza a fitar da ita daga tasha, ka ce a nuna takardar tashar. In babu, ko fam ɗaya kada ka ƙara. Ka kira shaidunka, ka kai maganar gaban dattawan unguwa ko shugabannin 'yan kasuwa, a yanke rana ta ƙarshe a rubuce. In ta wuce, kotu. Shirun da kake yi don kada a ce an yaudari Alhaji, shi ne ke ba mayaudari damar karɓar kuɗin na bayanka.

Dillali mai amana ba ya jin haushin ɗaya daga cikin waɗannan sharuɗɗa, domin shi ma suna kare shi. Wanda ya ɓata rai don ka nemi lambar shasi, da ranar miƙawa, da takarda mai shaidu, ya riga ya faɗa maka ko shi wane ne. Ka tattara kuɗin riɗinka ka tashi.